Tsakanin Dokar Abuja da Yatsan Makiyayi

A kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ake sawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ciniki yana da tsarinsa da ya girmi kowane banki. Mai saye ya taya, dillali ya kai ya komo, mai dabba ya yi ta cewa albarka har farashi ya kai inda ransa ya kwanta, sannan ya ce ya sallama. Daga nan sai ƙirga, kuma a nan ne ake ganin wani abu da ba kasafai ake lura da shi ba. Makiyayin da ya koro bijiminsa daga wata ruga ta bayan Fika ko Ngelzarma wataƙila bai taɓa zama a ajin boko ba, amma ba mai yi masa wayo a ƙirga. Ya san mai hoton Sardauna ɗari biyu ce, mai hoton Azikiwe ɗari biyar, mai mutum biyu kuwa dubu. In ya yi karatun allo, ga adadin nan an rubuta masa da ajami a jikin takardar. Yana iya murza ta, ya ɗaga ta ya haska, ya ware dubu goma-goma ya ɗaure da roba, ya zare la'adar dillali ya miƙa masa a gaban shaidu. Takardar kuɗi, in an duba da kyau, fasaha ce da aka daɗe ana gogewa har ta dace da hannun kowa, mai karatu da marar karatu, mai kaifin ido da wanda idonsa ya fara hazo. Ba ta neman caji, ba ta neman sabis, ba ta kuma taɓa ce wa mutum ya sake gwadawa anjima.

Wannan fasahar ce aka janye daga hannun jama'a a farkon 2023. Ranar 26 ga Oktoban 2022, Godwin Emefiele, gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, bisa hujjar cewa cikin kimanin naira tiriliyan 3.2 da ke yawo, wajen tiriliyan 2.7 ba sa cikin bankuna. Aka sa 31 ga Janairun 2023 ranar da tsofaffin kuɗi za su daina aiki, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, har sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, ita kuma ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Kafin nan kuɗin da ke yawo sun faɗi ƙasa da tiriliyan ɗaya. An karɓe tsoho, sabo bai iso ba, amsar da ake ba kowa kuma ɗaya ce: a yi taransifa. A cikin wannan hali ne Gwamna Mai Mala Buni ya tuna wa Babban Bankin cewa cikin ƙananan hukumomi 17 na Yobe, huɗu ne kacal ke da banki. An yi rubuce-rubuce da yawa kan siyasar wannan lamari da tattalin arzikinsa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ɗan ƙanƙanen wurin da dokar ta yi arba da mutum, wato allon waya wanda faɗinsa bai wuce yatsu uku ba.

Mu ɗauka mutum ya sayi rago a kan naira dubu arba'in da biyar, wayarsa kuma irin ƙaramar nan ce mai maɓallai da tocila. Zai danna tauraro, ya sa lambar bankinsa, ya rufe da alamar nan mai kama da tsani. Jerin zaɓi ya fito da Turanci. Ya zaɓi ɗaya, wani jerin ya fito a ƙarƙashinsa. Sai lambar asusu guda goma wadda mai ragon ke karanto masa daga wata 'yar takarda da ta sha ninki a aljihu, sai neman sunan banki cikin jerin da ba ya ƙarewa a shafi ɗaya, sai adadin kuɗi. A nan ne ake yin ta, domin sifilan a jere suke babu waƙafi, kuma tsakanin 4500 da 45000 da 450000 ba abin da ya raba su sai sifili ɗaya-ɗaya wanda ido ke tsallakewa a tsakar rana. Duk wannan da sauri za a yi, don in yatsa ya yi nawa layin ya katse sai a koma farko. In kuwa bijimi ne aka saya, ƙaramar wayar ma ba ta da ta cewa, tunda ƙa'idar da Babban Bankin ya kafa a 2018 ta taƙaita abin da za a tura ta wannan hanya zuwa naira 100,000 a rana. Sai kuma abin da ya fi duka ciwo, wato shirun da ke biyo baya. "Alhaji, ni fa alat bai shigo ba." "Wallahi Malam an cire a wajena, ga shi ka duba." Dukansu gaskiya suke faɗa. Dabba tana ɗaure, tirela na shirin ɗaukar hanyar kudu, na'urar kuma ba ta gaya wa kowa inda kuɗin suka maƙale ba. Ƙa'idar Babban Bankin ta 2020 ta ce a warware rikicin cinikin POS cikin awa 72. A takarda kwana uku ba komai ba ne. Ga wanda ya baro ruga da asuba don kasuwar da ke ci ranar Laraba, kwana uku na nufin kuɗin makwanci, da garken da aka bar wa yara, da dawowa wani makon.

Akwai fannin ilimi da ba shi da wani aiki sai kallon abin da ke faruwa tsakanin yatsan mutum da na'ura. Ana kiransa nazarin mu'amalar mutum da kwamfuta, ko da yake tushensa ya girmi kwamfutar da muka sani. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin saman Amurka sun yi ta mamakin yadda ƙwararrun matuƙa ke kifar da jiragen B-17 a daidai lokacin sauka, ana rubuta cewa kuskuren matuƙi ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba, sai ya tarar makunnin tayoyi da na fukafukai iri ɗaya ne sak, kuma suna gefen juna. Aka sauya musu siffa yadda hannu zai bambance su ko da ido bai kalla ba, sai matsalar ta kau. Darasin da fannin ya ginu a kai ke nan: in mutane da yawa suna tuntuɓe a wuri ɗaya, to a duba hanyar kafin a zargi ƙafafunsu. Dabararsa ma ba ta da wuya. A ba mutum na gaske aiki na gaske, a zauna gefe a yi shiru, a ga inda ya tsaya, inda ya ruɗe, inda ya nemi taimako, a ƙirga. Wanda ya ƙera abu ba ya iya wannan gwaji da kansa, domin gwano ba ya jin warin jikinsa. Wanda kuma yake ganin wannan ƙaramin al'amari ne da bai shafi mulki ba, sai ya tuna da zaɓen Amurka na 2000. A gundumar Palm Beach ta jihar Florida an tsara takardar ƙuri'a da sunaye a shafuka biyu, ramukan hudawa a tsakiya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa sama da mutum 2,000 da suka yi nufin zaɓen Al Gore sun huda wa Pat Buchanan, alhali George Bush ya ci jihar, da ita kuma shugabancin ƙasar, da ƙuri'a 537.

Abin da nake son kafawa shi ne, doka ba ta kammala ranar da aka sa mata hannu. A zamanin da kuɗi da katin ɗan ƙasa da jarrabawa da tallafin gwamnati duk suka koma bi ta na'ura, rabin dokar yana cikin allon da talaka zai danna, kuma wannan rabin ne ba wanda ke muhawara a kansa a majalisa. Saboda haka duk hukumar da za ta sa wa jama'a wa'adin komawa wata na'ura, ya kamata a wajabta mata nuna shaidar cewa ta gwada abin a hannun waɗanda zai fi yi wa wuya, kuma sun iya kai aikin ƙarshe, ko su kaɗai ko da taimakon da aka tanada. Ba sabon ilimi za a fara nema ba, domin yawancin abin da ya faru a kasuwanninmu a 2023 an riga an rubuta shi shekara goma sha kafin nan. Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalore sun bi mutane masu ƙarancin karatu a Indiya da Kenya da Filifin da Afirka ta Kudu suna kallon yadda suke amfani da waya, sannan suka gwada hanyoyi uku na tura kuɗi: rubutu zalla, magana da murya, da hotuna haɗe da murya. Sakamakon da suka fitar tsakanin 2009 da 2011 ya nuna rubutu zalla ba ya yi wa marar karatu amfani, shi ma mai karatun da bai saba ba yana yawan kuskure a cikinsa. Hoto da murya sun fi kai mutane ƙarshen aiki. Daga baya suka gano wani abu mafi zurfi, cewa jerin zaɓi mai hawa-hawa, wanda sai ka san abin da kake nema yana ƙarƙashin wane reshe, shi kansa dabara ce da makaranta ke koyarwa, kuma yana ba wanda bai yi makaranta ba wuya ko da an cire rubutun gaba ɗaya. Wannan kuwa shi ne ainihin fasalin lambobin tauraron bankunanmu.

Wani binciken na Bangalore, wanda Nithya Sambasivan ta jagoranta aka buga a 2010, ya fi kusa da mu. Ta lura cewa a unguwannin talakawa ba mutum ɗaya ke amfani da na'ura ba, mutum biyu ne: mai buƙata da mai danna masa. Duk wanda ya tsaya minti goma a gaban rumfar mai POS a Potiskum ya ga wannan da idonsa. "Baba, sa fin ɗinka." "Kai dai danna min, ɗana," sai dattijon ya faɗi lambar sirrin da ƙarfi, mutum biyar na jira a bayansa. Banki zai ce laifin dattijon ne, tunda an sha gargaɗi. Mai nazari zai ce an tsara abin ne bisa zaton mutum ɗaya, waya ɗaya, sirri ɗaya, alhali a nan waya ɗaya kan yi wa gida guda aiki, matar da ba ta fita kuma ɗanta ko ƙaninta take aika da katinta. In haka ne, yaron POS ba ɗan ci-da-ceto ba ne da ya kutso tsakanin banki da abokin hulɗarsa. Shi ne fuskar na'urar, shi ne mai fassara, shi ne hoton da muryar da aka kasa sawa a allo. Amma dubi yadda manufar ta ɗauke shi. Sanarwar Babban Bankin ta 6 ga Disamban 2022 ta taƙaita cirar kuɗi ta POS zuwa naira 20,000 a rana, sai da hayaniya ta yi yawa aka sassauta bayan mako biyu. Shirin musayar kuɗi ta hannun wakilai da aka ƙaddamar don karkara ya zo ne ranar 23 ga Janairun 2023, saura kwana takwas wa'adin farko ya cika, kuma naira 10,000 ne iyakar abin da mutum zai karɓa a hannu. Gadar da jama'a ke bi aka fara ƙuntatawa, sannan aka ce su haye.

Ba sai an je Indiya ba ma. A 2010, bayan fari ya ci amfanin gona a Nijar, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, ƙasar Hausa, Jenny Aker ta jami'ar Tufts kuma ta bi diddigin abin. Wasu ƙauyukan an ba su kuɗi a hannu, wasu an tura musu ta waya ta hanyar Zap na kamfanin Zain. Matan da aka tura wa ta waya, yawancinsu ba su da karatun boko, sun ci ribar abin: sun huta da doguwar tafiya da zaman layi, abincin gidajensu ya ƙaru da nau'o'i, 'ya'yansu sun fi samun ci. Wannan ya rushe zancen cewa mutanenmu ba za su iya ba. Sai dai a lura da sharuɗɗan: an ba su wayar, an koya musu, an tabbatar akwai wakilin da zai ba su tsabar kuɗi. M-Pesa ta Kenya ma haka ta faro. A gwajin 2005 a garin Thika an tsara ta ne don biyan ƙananan basussuka, sai masu gwajin suka ga mutane na amfani da ita suna tura wa 'yan'uwa kuɗi, suka bi abin da suka gani suka sauya ta kafin ƙaddamarwa a Maris 2007. Babban Bankin Kenya ya bar ta ta yi aiki yana sa ido, ya rubuta cikakkiyar doka daga baya bisa abin da ya bayyana.

Mu kuwa mun saba yi a juye. An ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na Babban Bankin, ranar 25 ga Oktoban 2021 a matsayin hanyar jawo marasa banki, amma da farko sai mai babbar waya da lambar BVN ke iya buɗe ta, wato wanda ya riga ya shiga banki. Lambar tauraronta ta *997# ba ta zo ba sai Agustan 2022. Wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023 ya nuna kashi 98.5 cikin ɗari na asusun da aka buɗe ba a taɓa su ko sau ɗaya a cikin mako. Haka ma a Disamban 2020 an ba 'yan ƙasa mako biyu su haɗa layin waya da lambar NIN, wa'adin da aka yi ta ɗagawa shekara da shekaru. Wani ɓangare na wahalar yana cikin fom ɗin kansa, wanda ya ɗauka kowa na da sunan dangi tsayayye da ranar haihuwa rubutacciya. Mutum ɗaya Muhammad ne a banki, Mohammed a katin zaɓe, Muhammadu a wajen rajistar layi, sunansa na biyu kuma wani wuri na mahaifinsa ne, wani wuri na garinsu. A unguwa ba wanda ke shakkar ko wane ne. Kwamfuta ce kawai take ganin mutum uku, shi kuma zai biya kuɗin mota da na rantsuwar kotu don ya gamsar da ita.

Masu kare abin da aka yi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ai ga shi mutane sun saba. Alƙaluman NIBSS, cibiyar hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, sun nuna kuɗin da aka tura ta na'ura sun tashi daga naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kusan tiriliyan 600 a 2023, yau har mai shayi da mai kilishi na da lambar asusu manne a teburinsu, wanda wa'azin shekara goma bai samar ba. Gaskiya ne. Amma a duba inda mutanen suka nufa. Ba eNaira suka rungumo ba duk da tallar gwamnati, OPay da PalmPay da Moniepoint suka koma, kuma dalilan da suke bayarwa dalilan masu nazarin na'ura ne: kuɗi na shiga nan take, shaidar biya na fitowa a fili, a wasunsu ma lambar wayarka ce lambar asusunka in ka cire sifilin farko, ba sai ka haddace wata sabuwa ba. Wato kasuwa ta yi gwajin da hukuma ta tsallake, sai dai ta yi shi da jikin mutane. Kuɗin makarantar kuwa waɗanda suka fi rauni ne suka biya: wanda ya karyar da dabbarsa ga mai tsabar kuɗi don ba shi da asusu, wanda ya sayi naira da naira a hannun masu ita, wanda aka nuna wa alat na bogi ya saki kayansa. Alƙaluman taransifa ba sa ƙirga cinikin da bai faɗa ba.

Wasu kuma za su ce ana ɗora wa allo laifin da ba nasa ba, matsalar rashin ilimi ce da rashin sabis, a gyara makarantu a kafa turakun sadarwa sauran zai biyo baya. Ba mai musun buƙatar makaranta a Yobe. Amma makaranta aikin shekara ashirin ce, wa'adin naira kuwa wata uku aka ba shi, kuma gwamnati mutanen da take da su take mulka, ba waɗanda take fatan samu ba. Ban da haka, kalmar rashin ilimi tana ɓoye abu da yawa. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, yake riƙe lissafin bashin mutum talatin a kansa, ba jahili ba ne don ya kasa karanta saƙon Turanci, tsarin ne bai koyi harshensa ba. Batun sabis kuwa hujja ce a kan masu kawo ta. Mutanen Yobe ba su manta 2013 ba, lokacin da aka katse layukan waya na makonni bayan dokar ta-ɓaci. Wanda ya san haka na iya faruwa, tambayar farko da zai yi wa kowane tsari ita ce, in sabis ya ɗauke me mutum zai yi? Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya ce kashi 26 cikin ɗari na manyan 'yan Nijeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a Arewa maso Gabas kuwa kashi 38 ne. Waɗannan ba 'yan tsiraru ba ne da za a ce a bari sai daga baya.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta sirri. An ce manufar ta ƙunshi karya masu sayen ƙuri'a da masu karɓar kuɗin fansa, irin wannan kuwa ba a shelanta shi a tsaya gwaji. To, ranar da za a sauya kuɗi tana iya zama sirri, amma ko hanyar da za a tura jama'a tana ɗaukar su ba sirri ba ne, kuma an sami isasshen lokacin dubawa. Tsarin rage amfani da tsabar kuɗi ya fara ne a Legas tun Janairun 2012, ya iso Kano a 2013. Shekara goma ke nan ana iya zuwa kara a zauna a kalla, ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin ma ba shi da tsada. Jakob Nielsen, ɗaya daga cikin sanannun fannin, ya daɗe yana nuna cewa kallon mutum biyar kawai kan fito da mafi yawan matsalolin tsari, in aka gyara sai a sake da wasu biyar. Birtaniya ta mayar da wannan ƙa'ida. Bayan da ta kafa sashen kula da ayyukan gwamnati na intanet a 2011, manyan ayyuka ba sa fita sai sun tsallake tantancewa, inda ake tambayar masu shi wa suka gwada da shi, kuma wane tanadi suka yi wa wanda ba zai iya shi kaɗai ba. Ƙasar da kusan kowa ya yi makaranta ke nan.

Sai dai kada a ɗauki fannin nan a matsayin maganin kowace cuta, don yana da iyakarsa, har da haɗarinsa. Sauƙin dannawa ba ya mayar da zalunci adalci. Manhajojin caca da na bashin gaggawa suna cikin mafiya sauƙin amfani a wayoyin samarinmu, kuma da gangan aka yi su haka, da wannan ilimin dai. Kallon mutum biyar zai gaya maka sifili na ruɗarwa, ba zai gaya maka ko ya dace a janye kuɗin ba tun farko, wannan hukunci ne na siyasa da dole wani ya ɗauki alhakinsa. Abin da bincike ke yi shi ne hana mai hukunci cewa bai sani ba. Sannan Bangalore ba Potiskum ba ce. Garin nan na Ngizimawa ne da Karai-karai da Bolewa da Fulani da Hausawa, Hausa ce harshen kasuwa amma ba ita ce ta cikin gida ga kowa ba, kuma fassara saƙon banki kalma da kalma zuwa Hausar ofis na iya fin Turancin ruɗarwa. Ko haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jerin haruffan asali na gajeren saƙon waya. Ɗan kasuwar da ya zo daga Nijar kuma da dala yake ƙirga, inda dala ashirin ke nufin sefa ɗari, jaka ɗaya sefa dubu, don haka adadin da ke bakinsa daban, wanda allo ke nema daban. Irin waɗannan ba a gano su daga Abuja, balle daga waje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu yin aikin kuwa suna nan. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a cikin Potiskum, akwai Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu da Jami'ar Tarayya a Gashuwa, cike da ɗaliban kwamfuta da ke neman abin da za su rubuta kundin kammalawa a kai, da yawansu kuma 'ya'yan dillalai da direbobin tirela ne da ba sai an yi musu tafinta a kara ba. Abin da ya rage shi ne hukumar da za ta nemi sakamakon kafin ta fitar da sanarwa. Dama ma ba ta wuce ba. A Disamban 2024 Babban Bankin ya sake taƙaita wakilan POS: naira 100,000 ga mutum ɗaya a rana, naira miliyan 1.2 jimillar abin da wakili zai fitar a yini, wato kuɗin 'yan shanu ƙalilan a kasuwar da ake loda tireloli. Ɗalibai goma da littafin rubutu, Laraba huɗu a jere, za su iya ƙirga ciniki nawa aka biya da tsaba, nawa ta waya, minti nawa ake jiran alat, sau nawa aka faɗi lambar sirri a bainar jama'a, rumfa nawa mai bijimi ɗaya ke zagayawa kafin ya haɗa kuɗinsa, da kuma ƙarfe nawa yake kama hanyar gida da su a aljihu.